Zagayen ƙafa a cikin birnin Kano da yamma: yaushe za a fito, ina za a bi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar kwamitin shirye-shirye na wata ƙungiyar masu zanen gine-gine da tsara birane. Taronmu na shekara a Kano za a yi shi cikin watan Nuwamba, muna sa ran mutum wajen sittin, da yawansu daga Kudu, wasu ma ba su taɓa zuwa Arewa ba. Na taɓa zuwa wani taro a ƙasar waje aka fita da mu zagayen ƙafa a tsohon gari da daddare, ga fitilu ko'ina, abin ya burge ni ƙwarai. So nake mu yi irinsa: mu fito ƙarfe 7 bayan an tashi daga taro, mu ga Ƙofar Mata, Gidan Makama, fada, Kurmi, Dala, badala da Gidan Ɗan Hausa, mu koma masauki ƙarfe 9. Zai yiwu? In zai yiwu, me ya kamata mu kiyaye?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai mu watan lafiya. In na fahimce ki, tambaya uku kika haɗa wuri ɗaya: ko cikin birni yana zagayuwa da ƙafa, ko dare ya dace da hakan, sannan ko wurare bakwai za su shiga cikin awa biyu alhali kuna mutum sittin. Ta farko, ƙwarai kuwa, ai ba a sanin cikin gari ta tagar mota. Ta biyu da ta uku kuwa, a'a. Amma kada ki janye shirin, gyara kawai yake so. Na daɗe ina kai ɗalibai da baƙi cikin lungunan nan, kuma kusan duk kuskuren da zan ja miki kunne a kansa, ni ma na tafka shi da kaina.

Yammar Kano tana tsakanin La'asar da Magariba

Abin da ya sa zagayen dare ya yi miki kyau a can shi ne gine-ginensu waje suke kallo. Adon yana fuskar gida, ga dandali a buɗe, an dasa fitila tana haska bango, mutum ya tsaya ya sha kallo. Gidan Bahaushe kuwa ciki yake kallo. Abin da mai wucewa yake samu shi ne katanga, da zaure, da ɗan zanen da aka yi a saman ƙofa, da zankwaye a kan rawanin soro. Duk waɗannan hasken rana suke so, musamman ranar da ta karkata, lokacin da take bugun bango ta gefe, kowane tudu da kwarin zane ya fito da inuwarsa. Da tsakar rana ma ba a ganinsu sosai, balle da tocilan waya.

Sannan ƙarfe 7 na dare a Nuwamba babu abin da ya rage a buɗe cikin jerin da kika kawo. Marina sun tashi, 'yan Kurmi sun ja ƙyamare, Gidan Makama gidan tarihi ne na gwamnatin tarayya da ke bin lokacin aiki. Bayan Isha'i lungu ya koma hannun masu shi: dattawa a majalisa, yara a makarantar dare, samari a teburin mai shayi. Mutum sittin da ba a san su ba su ɓullo cikin wannan da hasken wayoyi, in kuma an ɗauke wuta ga kwata a tsakiyar hanya, ba zagaye ba ne, tayar da hankalin unguwa ne. Ga kuma ƙwacen waya, wanda ba zan ɓoye miki ba, yana faruwa a Kano, kuma duhu ya fi so.

To ga lissafin. A Nuwamba rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe 6, ana sallar La'asar kafin ƙarfe 4 ko daidai nan. Ke nan abin da kuke da shi awa biyu ne, daga 4 zuwa 6. Hanyar da zan ba ki, daga Ƙofar Mata zuwa Dala ta masallacin Juma'a da Kurmi, tana tsakanin kilomita uku zuwa huɗu. Mutum ɗaya mai sauri zai cinye ta cikin minti arba'in da biyar. Ayari kuwa tafiyarsa tafiyar wanda ya fi kowa nawa ce, ga tsallaka titi, ga Adaidaita Sahu, ga mai kura ya tare lungu, don haka ki ware awa guda cur ta tafiya kawai. Saura awa guda. In kika raba ta gida bakwai, kowane wuri bai samu minti tara ba, kuma Gidan Ɗan Hausa ma yana Nassarawa ne, can waje da badala, ba a kan hanya yake ba sam. Tsayuwa huɗu ita ce daidai. Ki roƙi shugabannin taro su tashi ƙarfe 3 a wannan ranar. Zaman ƙarshe na yamma dama rabin mutane gyangyaɗi suke yi.

Watan da kuka zaɓa ya yi. Zafin Maris zuwa Mayu, wanda yake haura digiri 40, ba a jan baƙo tafiya a cikinsa, Agusta kuma ruwa da taɓo. Abin da kawai zai iya rage muku daɗi shi ne hazo, in hunturu ya shigo da wuri, don yakan rufe nesa daga kan Dala. Ku kauce wa Juma'a. Ku kuma duba kalandar Musulunci, kada ku faɗa ranar wani babban taro irin Takutaha, da ake hawan Dala mako guda bayan Mauludi, ko Maukibin Ƙadiriyya da ke tasowa daga Kabara.

Ku bi ƙasa

Kuskuren da aka fi yi wa ƙwararru shi ne a ba su zagayen 'yan yawon buɗe ido: sarki kaza ya yi shekara kaza, ya gina kaza, a ɗau hoto, a wuce. Mutanenki masu zanen gini ne. Sunayen sarakuna za su zube musu kafin su kai mota, amma ki nuna musu yadda aka hana soro yoyo ba tare da siminti ba, har su koma gida suna gardama a kai. Saboda haka nake ba ki shawarar ku ɗauki zare ɗaya ku bi shi daga farko har ƙarshe, kuma a Kano zaren da ya fi dacewa da ku shi ne ƙasa: inda aka haƙo ta, abin da aka gina da ita, abin da aka shafe ta da shi, da abin da ya faru da aka daina. Da likitoci ne suka tambaye ni, da ruwa da kwata zan ce su bi. Da lauyoyi ne, da fada da kotun alƙali. Tarihin sarakuna zai shigo da kansa a inda ake bukatarsa.

Ku fara daga marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Za ki ce me ya haɗa mai zanen gini da rini? Ki bari su tsuguna bakin karofi tukuna. Rami ne mai zurfi, bakinsa ƙarami, an cika shi da ruwa da baba da toka da kanwa, an bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa. Marini yana zaune a bakinsa da safar roba har gwiwar hannu, ya tsoma farin ƙyalle, ya juya shi a ciki, ya ɗago. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa rikiɗewa a gaban idonka har ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Yawan tsomi shi ke kawo duhun launi. Ban taɓa kai ayarin da bai yi tsit a wannan wurin ba.

A nan ne jagora zai kawo maganar katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi in rini ya mutu. Ana kwashe shi, a busar, a ƙona, a daka. A haɗa shi da gashin jima, wanda majema suke kankarewa daga fatar awaki, da ruwan dafara mai yauƙi, sai ya zama laso. Laso shi ne simintin Hausawa: da shi ake dalaye cikin karofin kansa don kada ruwa ya tsiyaye, da shi ake shafe saman soro da rawani don ruwan sama ya zame ya bi indararo. Ka ga ke nan sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini. Da rini ya ja baya, karofi da yawa suka mutu, wasu suka cike da shara, kamar yadda za ku gani da idonku a wurin, sai katsi ya yi wuya, sai laso ya yi tsada, sai mai gida ya ga kwano ya fi masa sauƙi. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma duk wanda ya gane wannan sarƙa zai kalli rufin kwanon da ya lulluɓe birni da wani ido dabam. In kun yi sa'a za ku ji ƙarar mabuga a kusa, suna dukan shadda a kan gungume da sandunan bugu, bugun yana tafiya kamar kiɗa. Minti goma sha biyar ya isa, kuma ki ce da su sayayya a yi ta a tsaye.

Daga nan ku miƙe yamma, ku wuce Asibitin Murtala, har masallacin Juma'a. Wannan yanki babban titi ne mai hayaniya, kada jagora ya wahalar da maƙogwaronsa, a yi tafiya kawai. A filin masallaci a tsaya ta biyu. Masallacin da ke tsaye yanzu, mai koren tulluwa da hasumiya biyu, na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, farkon shekarun 1950, an gina shi a madadin tsohon na ƙasa. Kusa da shi ga katangar Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suke zaune fiye da shekara ɗari biyar. Daga wuri ɗaya mutum yana ganin zaɓi biyu da birni ya yi: wani ginin an rushe an sake shi da siminti, wani kuma an ci gaba da zama a cikinsa ana gyara ana ƙari. Ki jefa musu tambayar wanne ya fi riƙe tarihi, ki bar su da ita. 'Yan Zariya a cikinku za su tuna da masallacinsu na Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, wanda aka lulluɓe da sabon gini aka bar bakan gizonsa, wato tankwararrun ginshiƙan ƙasa da ke riƙe da rufinsa, a ciki. Wannan hanya ce ta uku. Shiga fada kuwa sai da takarda tun da wuri, kuma tun da aka shiga takaddamar sarauta a 2024 wurin ya ƙara tsauri. Ku tsaya daga waje, kada a ɗaga kyamara kan dogarai ko jami'an tsaro, kuma a ja kunnen masu son gardamar siyasa su ajiye ta sai an koma masauki.

Kurmi ita ce ta uku, kuma ita ce take cinye zagaye. Kasuwa ce da Rumfa ya kafa a bakin Jakara, inda ayarin Sahara ke sauke gishiri da kayan Arewacin Afirka su ɗauki turkuɗi da fata. Layukanta matsattsu ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, kuma kowane layi da sana'arsa: 'yan sirdi da linzami, dukawa, masu tasoshi da kayan tagulla, masu littattafai, masu turare da kayan ƙamshi. Wata shekara na shiga da wani ayari na mutum ashirin da 'yan kai, na yi sakaci na ce kowa ya ɗan duba na minti goma. Wallahi sai da muka yi minti arba'in muna tattara mutane. Wata baiwar Allah tana can tana cinikin jakar fata, wani ya bi wani layi ya ɓulle ta wata ƙofa dabam, waya kuma ba ta shiga sosai a ciki. Muka isa gindin Dala ana kiran salla, hawan da aka zo dominsa bai yiwu ba. Tun daga ranar na kafa doka: a Kurmi ana ratsawa ne a layi ɗaya, jagora a gaba, wani a baya yana kora, tsayuwa ɗaya tak a wurin da aka riga aka shirya da mai rumfa. Mai son sayayya a dawo da shi gobe da hantsi, 'yan kasuwar ma sun fi son haka.

Tsakanin Kurmi da Dala ne ainihin abin da kuka zo gani, ko da yake ba shi da allo ko suna a takardar yawon buɗe ido. Nan ne lungu, nan ne za a ga bangon da yaɓensa ya zube, tubali ya bayyana. Ki sa su matsa kusa. Tubalin Hausa ba mai kusurwa huɗu ba ne, mulmulalle ne da hannu, gindi faffaɗa kai tsukakke, ana jera shi a tsaye a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri a ƙasa yana sirancewa a sama. A sa tafin hannu a jikinsa, sannan a sa a jikin bangon bulo na maƙwabcinsa wanda rana ta gasa tun safe. Ba sai an yi lacca a kan zafi da sanyin ɗaki ba. In mai unguwa ya samo muku zaure ɗaya da mai shi ya yarda a shiga, to kun gama cin riba: a ɗaga kai a ga azara, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika damunta ba, yadda aka jera ta a rufi, da yadda ake tankwara ta daki-daki a lulluɓe da ƙasa ta zama bakan gizo don ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

A hanyar nan kuma a nuna musu kududdufi, ko wurin da kududdufi yake a da. Ƙasar da aka gina unguwa da ita daga nan aka haƙo ta, ramin da ya rage shi ke karɓar ruwan damina. Da aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye ana gini, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya rasa masauki ya shiga gidajen mutane. Masu tsara birane a cikinku, wannan tasu ce.

Sunayen unguwanni ma kayan aiki ne, ko ba a bi ta cikinsu duka ba. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake take. Dandalin Turawa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan Arewacin Afirka ne, don su aka fara kira da wannan suna. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Maghili wanda ya zo Kano zamanin Rumfa, ga Madabo ta malaman Wangarawa. Baƙinki na Kudu da suka zo da tunanin cewa cikin birni na ƙabila ɗaya ne, ki ga fuskarsu in aka ce musu Ayagi ta girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba.

Sai Dala. Ba dogon dutse ba ne, akwai matakala, mai lafiya minti biyar zuwa goma ya kai sama. Ku yi ƙoƙari ku kasance a kai kafin 5:40. Nan ne asalin garin: an samu alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, nan ne labarin Barbushe da Tsumburbura, kuma nan Bajamushen nan Heinrich Barth ya hau a 1851 ya zana birnin yadda ya gan shi. A zamaninsa akwai gonaki da fili mai yawa a cikin badala, don an yi ganuwar ne ta yadda in an yi wa gari ƙawanya mutane za su iya noma a ciki. Yau duk inda ka juya rufi ne. Jagora ya nuna musu Gwauron Dutse ta yamma, koren tulluwar masallacin da suka baro, da layin da badala ta bi. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka da sojojinsa suka ci garin a watan Fabrairun 1903, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma a wurare da dama abin da ya rage tudun ƙasa ne da gidaje a kansa. Daga nan jagora ya yi shiru. Rana za ta yi ja ta nutse cikin ƙura, shirwa na shawagi, sai ladan ɗaya ya fara daga can nesa, wani ya karɓa, kafin minti guda gari gaba ɗaya ya ɗauka ta kowace kusurwa. Ku fara sauka da sauran haske, don matakalar ba ta da daɗi a duhu. Masu salla su yi a masallacin gindin dutsen, sauran su jira a mota.

Shiga unguwar mutane

Baƙo makahon gari ne, kuma lungun cikin birni ba titin gwamnati ba ne a idon masu shi, tsakar gida ce da ta ɗan faɗaɗa. Mako biyu kafin ranar, ke da wani namiji babba daga kwamitinku ku je ku gaida masu unguwannin da za ku ratsa, ku faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, ƙarfe nawa za ku wuce. Zuwa da kai ya fi aike. Ku nemi kowane ya ba ku yaro ɗaya ɗan unguwa da zai raka ku. Wannan yaron ya fi muku motar 'yan sanda amfani, don shi ya san wanda za a gaisar, da lungun da ake zaman makoki, da wanda aka kafa rumfar biki. Na koyi wannan ne da kunya. Na taɓa ratsawa da baƙi ba tare da na sanar ba, wani daga cikinsu ya ga zane mai kyau a saman wata ƙofa ya ɗaga kyamara, daidai lokacin da matan gidan suke fitowa unguwa. Wani dattijo da ke kan dakali bai ɗaga murya ba, ya dai kira ni gefe ya ce, "Malam, su baƙi ne, ba su sani ba. Kai fa?" Har yau in na bi ta wurin sai na tsaya na gaishe shi.

Don haka a gaya wa kowa tun a mota: a yi sallama, a nemi izini kafin hoto, ba a ɗaukar mata, ba a ɗaukar almajirai, inda aka rubuta "ba shiga" to ba shiga. Mutum sittin a raba su gida huɗu, kowane rukuni da jagoransa da mai kora, a bar tazarar minti biyar tsakaninsu. Biyu ma za su iya farawa daga masallaci su bar marina sai gobe, don bakin karofi ba ya ɗaukar taro. Ban da lasifika. A bar kwat da katin wuya na taro a masauki, a sa takalmi shimfiɗaɗɗe rufaffe. Mata, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, su sa sutura mai yalwa su riƙe mayafi; ke za ki fi ni iya gaya musu wannan ta yadda ba wadda za ta ji an takura mata. A zaga bayi kafin a fito, don a hanya samun mai kyau sai an sha wuya. Masu ciwon gwiwa da manya a tanadar musu Adaidaita daga Kurmi zuwa gindin Dala, kuma kada a matsa wa kowa sai ya hau.

Batun kuɗi a gama shi tun kafin ranar. Marinin da zai bar aikinsa ya yi muku bayani, mai rumfar Kurmi, mai zauren da ya buɗe muku, yaran da suka raka ku, kowa a yi masa alheri a mutunce, ta hannun mutum ɗaya, ba a tsaya gaban baƙi ana lalube aljihu ba. In kuma kuna son abin ya yi armashi, ku nemo tsohon magini na gargajiya ya jira ku a zauren nan ya yi bayanin azara da bakinsa, wani ya fassara. Ku biya shi kamar yadda kuke biyan duk wanda kuka gayyato ya gabatar da takarda a zauren taro, don abin da ya sani babu shi a takardunku.

Wuraren da na cire ba jefar da su na yi ba. Gidan Makama ya cancanci awa guda da rana, a nan za su ga rufin azara a natse, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kuma Ƙofar Kudu ta fada tana nan kusa. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya fara makarantar boko a Nassarawa a 1909, a haɗa shi da wannan fitar a mota. Badala kuma a bi ta gefenta ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Kabuga, a tsaya inda ta fi saura. Shi kuma daren da kike so, ba a rasa shi ba: bayan Magariba a kai su wuri mai tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, a kawo gurasa da tsire da kunun aya, a buɗe gardamar da aka ɗauko daga filin masallaci.

Iyakar abin da zan iya ba ki ke nan daga nesa. Ni ginin ƙasa na karanta, ba jami'in tsaro ba ne, kuma halin gari yana canjawa cikin mako guda. In masu unguwa ko baturen 'yan sandan yankin suka ce a ɗaga ko a sauya hanya, maganarsu ta fi tawa. Lokutan da na ba ki ma na ƙafata ne da irin ayarin da na saba ja. Ku fita ku uku ko huɗu mako guda kafin taron, a irin wannan rana da irin wannan lokaci, ku bi hanyar da agogo a hannu, ku tafi da wanda ya fi kowa nawa a kwamitinku. In kun isa gindin Dala bayan 5:30, ku rage tsayuwar masallaci zuwa minti biyar, ko ku sa motoci su sauke ku a Ƙofar Mata tun 3:30 ku yi La'asar a can.